Daɓen da ya lotsa ba ƙarin siminti yake nema ba

Da asubar wata Talata cikin watan Satumba, Hajiyarmu ta fito daga ɗakinta da buta a hannu za ta yi alwala. Tsakanin ƙofar ɗakin da bakin rariya bai fi taku goma ba, kuma ta haura shekara talatin tana bin wurin ko da wuta ko babu. Sai dai daminar waccan shekara ta riga ta sauya tsakar gidan. Ɓangaren daɓen da ke kusa da makewayi ya lotsa, ya bar wani baki mai kaifi wanda tudunsa bai wuce faɗin yatsu biyu ba. A nan ta yi tuntuɓe. Ta kai hannu ƙasa don ta kare fuskarta, wuyan hannun ya karye. Wata biyu cur ba ta iya ɗaura ɗankwalinta da kanta.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne mun san da wurin. Sau biyu muka sa aka gyara shi. Kowane karo birkila muka kira, ya tsaya daga bakin zaure ya ƙare wa wurin kallo, ya ce, "Alhaji, buhu huɗu ya isa, kafin la'asar mun tashi." Aka kwaɓa siminti aka malala a kan tsohon daɓen, aka goge shi sumul, muka biya muna godiya. Ruwan farko ya sauka, wurin ya riƙe ruwa kaɗan. Kafin tsakiyar Agusta tsagar ta dawo a daidai layin da take a da, kamar an zana ta da alƙalami.

Ra'ayina, bayan wannan ɗawainiya da kuma abin da na gani a gidajen 'yan'uwa da abokai, shi ne yawancinmu ba mu san abin da muke ɗaukar mai gyara ya yi mana ba. Idonmu na kan siminti, alhali matsalar tana ƙarƙashinsa. Kankare ba ya shan iska ya sauka haka kawai. Ƙasar da ke ɗauke da shi ce take matsewa, ko ruwa ya kwashe ta, ko ta kumbura ta sake motsewa, shi kuma ya bi ta. Don haka duk wanda ka ɗauko ya fara da lissafin buhu kafin ya tambaye ka inda ruwan gidan yake bi, ka ba shi kuɗin mota ka sallame shi cikin mutunci.

A duba nauyin abin ma kawai. Daɓen kankare mai kaurin santimita 10 yana ɗora wa kowane murabba'in mita na ƙasa kusan kilo 240. Idan aka ƙara malala masa santimita 5 a kai, an ƙara kilo 120 ke nan, nauyin da ya fi buhu biyu na siminti, a kan kowane murabba'in mita. Ƙasar da ta kasa ɗaukar kayan farko ita aka ƙara wa na biyu. Jaki ne ya durƙusa saboda nauyin mangala, mai shi ya ɗora masa wata. Mu sau biyu muka yi haka a gidanmu da kuɗinmu.

A karo na uku, bayan Hajiya ta dawo daga asibiti, limamin masallacin layinmu ne ya ce mu nemi wani dattijon magini da ke bayan makarantar allo. Ya zo da safe, bai taho da awo ko cokalin gini ba. Ya yi sallama, ya gaida Hajiya ya yi mata ya jiki, sannan ya ce a ara masa taɓarya. Ya dinga bin daɓen yana ƙwanƙwasawa taku bayan taku. A wasu wurare sautin a dunƙule yake, a wasu kuwa sai ka ji kamar ganga. Inda duk ya ji amon ganga sai ya zana da gawayi. Daga nan ya sa yaro ya kwarara bokiti biyu na ruwa daga ƙofar ɗakin Hajiya, ya tsuguna yana kallon inda ruwan ya nufa. Ruwan bai je rariya ba. Ya gangara zuwa tsagar, ya shige, ya ɓace.

Na ce, "Baba, buhu nawa za mu saya?" Ya ce, "Alhaji, bar maganar buhu tukuna. Ina bututun makewayin nan ya bi? Sokawe ɗinku yana ina? Indararon can a ina yake zuba?" Da na nuna masa, ya ɗan yi shiru, ya dubi katangar gabas. "Ai nan bakin kududdufi ne. Muna yara a nan muke kallon masu buga tubali. Daga wancan ɗakin zuwa katanga duk ciko ne." Babu wanda ya taɓa gaya mana haka, domin mahaifinmu ginannen gida ya saya.

Da aka fasa, mun tarar da kogon da hannun babban mutum yake shigewa har kafaɗa. Bututun da ya fito daga makewayi ya tsage a mahaɗa, yana ta tsiyaya wataƙila shekara da shekaru, yana wanke ƙasar a hankali. Ƙasar kanta kuma da aka tona, ledoji ne da tsummokara da toka da fasassun kwalabe. A kan bola aka yi mana daɓe.

Wanda ya san Kano ba zai yi mamaki ba. Birni ne da aka gina da ƙasar da aka haƙa a cikinsa. Tun ganuwar da tarihi ya ce Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12, har zuwa gidajen ƙasa na kakanninmu, duk inda aka ɗebi ƙasa an bar rami, ramin ya zama kududdufi. Kududdufan nan su ne suke karɓar ruwan unguwa idan an yi mamako. Da mutane suka yi yawa, fili ya yi tsada, sai aka shiga cike su da shara da ɓaraguzan gini, a zuba jar ƙasa tifa kaɗan a kai, a yanka filaye a sayar. Shara kuwa ruɓewa take yi, tana ruɓewa tana raguwa, abin da ke kanta yana binta ƙasa. Ruwan da a da yake samun masauki a kududdufin bai daina zuwa ba, hanyarsa ce. Haka abin yake a Zariya da Katsina da sauran tsofaffin biranenmu, ko da girman matsalar ya bambanta. A cikin gidajen da kansu ma akwai tsohuwar masai da aka cike, da rijiyar da ta ƙafe aka rufe, da ramin sokawe da aka haƙa aka mayar da ƙasar gefensa da shebur ba tare da an daddaɓe ba. Sai gara da gafiya su ƙarasa abin da ya rage.

A arewa maso gabas kuma wata ƙasar ce daban. Mutanen Dikwa da Marte da Ngala sun san baƙar lakar da Barebari ke kira firki, wadda ake dasa masakwa a cikinta bayan damina. Akwai irinta a yankin Numan da Guyuk a Adamawa, da wasu sassan Gwambe. Da damina takan sha ruwa ta kumbura, da rani ta bushe ta dare har ƙafar ɗan akuya ta faɗa. Daɓen da aka ɗora kai tsaye a kanta yana hawa yana sauka duk shekara har ya karye. A irin wannan wuri ba a maganar daddaɓawa kawai, sai an kwashe lakar zuwa wani zurfi an maye gurbinta da marmara ko burji, kuma a nisanta ruwa da manyan itatuwa daga gefen daɓen, domin saiwar darbejiya da turare tana zuƙe danshin laka ta sa ta motse. Birkilan da ya koyi aiki a kan jigawar Gumel ko Daura, inda yashi ne, in ka kai shi Numan ba tare da ɗan gari ba, zai yi maka aiki da zuciya ɗaya kuma aikin ya lalace.

Ruwan rufi shi ne ɓarawon da muka fi rainawa. Rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 100, idan aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50, abin da ba baƙo ba ne a watan Agusta, zai zubo da lita 5,000. Jarka 200 ke nan irin ta 'yan garuwa mai lita 25, a dare ɗaya. A gidaje da yawa duk wannan ruwan ta indararo ɗaya ko biyu yake faɗowa, a gindin bango, a daidai mahaɗar daɓe da gini. Ƙaramar kafa ta ishe shi. Ya shiga, ya jiƙa cikon, ya ɗebi lallausar ƙasar ya tafi da ita, ya bar kogo. Daɓen zai daure na ɗan lokaci yana rataye, ranar da aka ajiye duron ruwa ko aka shigo da mota a kansa sai ya sauka.

Abin da ke ba ni takaici shi ne wannan ilimi ba daga waje ya zo mana ba. Kalmar daɓe kanta daga duka ta samo asali. Iyayenmu mata, idan za a kai amarya, sukan taru a ɗakin su baza tsakuwa da ƙasa, su yayyafa ruwa, su durƙusa da madaɓai suna bugu suna waƙa, a bar shi ya sha iska, a sake yayyafawa a sake bugu, a ƙarshe a shafe da makubar ɗorawa. Sun san cewa ƙarfin daɓe yana cikin bugun. Da siminti ya zo sai muka riƙe sunan muka yar da aikin. Yau tifa za ta juye ƙasa, leburori su baje ta da shebur, wani ya watsa ruwa da tiyo ya ce ta zauna, gobe a zuba kankare. Ƙasar da aka zuba mai zurfin mita guda a tashi ɗaya ba ta zama da ruwan tiyo. Samanta ne kawai yake yin tauri, cikinta kuwa sai ta ɗauki damina biyu ko uku tana sauka.

A ƙasashen da ake yawan shimfiɗa kankare mai kauri a hanyar shiga gida da gefen titi, akwai sana'a sukutum ta ɗaga wanda ya lotsa ba tare da an fasa shi ba. A Amurka aka fara ta, wajen 1930, lokacin da wani makaniken hukumar hanyoyi ta jihar Ayowa mai suna John Poulter ya ƙera injin da ke tura kwaɓaɓɓiyar ƙasa ƙarƙashin kankaren titi. Yadda ake yi shi ne a huda daɓen a wurare da dama, kowace huda faɗinta santimita 3 zuwa 5, a dinga ɗura kunun ƙasa da yashi da siminti da ƙarfin inji har ya cike kogon ya tura daɓen sama, sannan a toshe hudojin. Daga baya aka samo wata hanyar, ta ɗura sinadari mai kumfa da ake kira foliyuritan ta huda ƙarama wadda ba ta kai santimita 2 ba. Yana shiga yake kumbura, ya sandare cikin kamar minti 15, kuma nauyinsa ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da kunun siminti. Dabara ce mai kyau, kuma bidiyonta ya cika wayoyin matasanmu. Na ji masu cewa da muna da irin wannan inji da mun huta.

Ban yarda ba, saboda dalili biyu. Na farko, abin da ake ɗagawa a can falle ne mai kaurin santimita 10 ko fiye, sau da yawa da ragar ƙarfe a ciki, wanda zai iya tashi gaba ɗaya kamar faifai. Yawancin daɓen tsakar gidajenmu shafe ne mai kaurin yatsa biyu, yashi ya fi siminti yawa a cikinsa, in ka tura shi daga ƙasa rugurgujewa zai yi. Na biyu, ko a can ɗin, masu gaskiya a cikin masu sana'ar suna gaya wa mai gida cewa in bai gyara magudanar ruwansa ba, daɓen zai sake sauka. Inji yana cike kogo, amma ba ya ɗinke bututun da ya fashe. Wanda yake da kankare mai kauri da bai farfashe ba, a farfajiyar ajiye motoci ko harabar ma'aikata, kuma ya samu kamfanin da ke da kayan aikin da gaske, to ya gwada. Mu sauran jama'a hanyarmu ita ce a fasa, a tona, a kashe tushen ruwan, a cike a daddaɓe, a sake zubawa. Ko kuma a shimfiɗa intalok, wanda amfaninsa a kan ƙasa mai motsi shi ne in wani wuri ya sauka sai a ɗaga tubalan, a gyara ƙasan, a mayar da su, ba a yi asarar komai ba sai ladan aiki.

To wa za a ba aikin? A nan nake tsayawa tsayin daka a kan ɗan unguwa. Da ɗan gari akan ci gari, kuma a wannan aiki maganar ta wuce karin magana. Dattijon nan da ya yi mana aiki yana ɗauke da taswirar da babu ita a kowane ofis: ina kududdufi yake a da, wane layi ne ruwa ke kwanciya, wane gida ne aka taɓa cike rijiya, daga wane rami ake samo marmara mai kyau, wane direban tifa ne yake kawo yashin kogi mai tsafta ba mai haɗe da laka ba. Bayan wannan kuma, ana ganinsa. Kuna haɗuwa a sahun sallah, a wurin ɗaurin aure, a jana'iza. In aikinsa ya lalace, kowa a layin zai san na wane ne. Haka magabata suka tsara sana'ar gini tun asali. Akwai Sarkin Magina a fadojinmu, akwai gidajen da aka san su da gini kaka da kakanni, irin zuriyar Babban Gwani wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Sunan mutum shi ne jinginarsa. Baƙon da ka tsinta a bakin titi da diga da shebur, wanda lambar waya kaɗai ka sani game da shi, ba shi da abin da zai rasa in ya cuce ka.

Na san abin da za a ce, kuma gaskiya ne: birkilolin nan biyu da suka malala mana siminti a kan kogo su ma ba daga wata ƙasa suka zo ba. Zama ɗan unguwa ba ya mayar da mutum gwani. Har ma akwai wata cuta da ta keɓanta da ɗaukar na gida, wato kunya. Ɗan ƙanwar matarka ne, ko surukin maƙwabcinka, ka ga yana zuba ruwa a kwaɓi har ya zama koko, amma bakinka ya yi nauyi. Aiki ya lalace ka haɗiye, don kada a ce ka tozarta ɗan'uwa a kan siminti. Na ga zumuncin da ya mutu a kan irin wannan, ba don an yi magana ba, sai don an ƙi yin ta a lokacinta aka bar ta ta zama gaba.

Maganin wannan bai wuce abu biyu ba. Kafin ka ba mutum aiki, ka ce ya kai ka gida biyu da ya yi wa irin wannan gyara, waɗanda suka ga damina aƙalla biyu, ka tambayi masu gidan da bakinka, ka duba da idonka. Aikin jiya kowa nasa kyakkyawa ne. Sannan a rubuta. Mu da ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, take koya mana rubuta bashi da kafa shaidu, bai kamata takarda ta zama abin jin nauyi a tsakaninmu ba. Malaman fiƙihu ma sun shardanta cewa a ijara dole aiki ya zama sananne, lada ya zama sananne. "Gyara mini tsakar gida" ba sanannen aiki ba ne. Warƙa ɗaya ta littafin makaranta ta isa, da sa hannun shaidu biyu, ko da mai unguwa ne da liman.

Ga abin da muka rubuta da Baba, shi yana faɗa ni ina rubutawa. Za a tona har a tarar da ƙasa ta asali, a kwashe sharar a fitar da ita daga gida. Za a sauya bututun, a sake masa ruwa a gani da ido cewa ba ya tsiyaya kafin a binne. Za a cike da marmara hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce santimita 15, wato kimanin tsawon tafin hannu, a yayyafa ruwa daidai yadda in ka dunƙula ƙasar za ta kama jikinta ba tare da ta ɗiga ba, a daddaɓe sosai kafin a zuba na gaba. Inda inji zai shiga a yi hayar injin daddaɓa ƙasa na yini, a lunguna kuma a yi da madaɓin da ake zuba kankare a bokitin fenti a kafa masa sanda. Kaurin sabon daɓe santimita 10. Kwaɓi: buhu ɗaya na siminti, kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa, ruwa kaɗan-kaɗan. Gangara santimita 2 a kowace mita, daga jikin ɗakuna zuwa rariya, a auna da tiyo mai ruwa ba da ido ba. A tsaga layi kowace mita 3 domin in kankaren zai tsage ya tsage a inda aka ba shi. A haɗa indararo da bututu har waje. Sai ban ruwa safe da yamma na kwana 7, a rufe da jiƙaƙƙun buhunan algarara, saboda a watan Nuwamba muka yi aikin, iskar hunturu kuwa tana busar da kankare kafin ya nuna. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa masa, don haka Baba ya hana a ɗora duron ruwa a wurin har wata ya zagayo.

Ranakun ciko su ne ranakun da mai gida ya kamata ya bar kasuwa ko ofis ya zauna a gida, ko ya wakilta wanda ya yarda da shi. Shafen sama kowa zai gan shi daga baya. Abin da aka binne kuwa, in ba ka gani a ranar ba, sai damina ta ba ka labari.

Maganar kuɗi ita ce inda laifinmu ya fi fitowa, mu masu gida. Farashin da Baba ya yanka ya ninka na birkilan baya fiye da sau uku, kuma mafi yawansa ba na siminti ba ne, na tona ne da kwasar shara da marmara da ladan leburori. Na san halin da ake ciki. A watan Fabrairun 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har gwamnatin tarayya ta zauna da Dangote da BUA da Lafarge aka yi maganar mayar da shi tsakanin naira 7,000 da 8,000. Magidanci yana da dalilin ƙirga kowace naira. Amma a lura da abin da muke yi in mun zauna ciniki: ba ma rage faɗin wurin, ba ma rage santsin shafe, abin da ido ba ya gani shi muke matse wa. Mai aikin jinga da aka matse shi har ya ga ba zai fita ba, ba zai ce ya fasa ba, domin akwai cefane a gabansa. Zai rage hawan ciko, ya ƙara yashi, ya tsallake ban ruwa. Mu muka tura shi, sannan mu zauna a majalisa muna cewa masu sana'ar yanzu ba su da amana. In kuɗin bai kai a yi duka da kyau ba, a yi rabi da kyau, a bar rabin da marmara a daddaɓe har Allah ya hore. A halin jira kuma a farfashe bakin da ya yi tudu a cike gurbin, kada a bar wa tsoho da yaro tarko.

Biya kuma kashi-kashi ya fi. Kafin alƙalami kaɗan, kayan aiki mai gida ya saya da kansa tare da maginin, wani kaso bayan ciko, wani bayan zuba kankare. Leburori a sallame su kullum da yamma, haƙƙinsu ba ya kwana. A manyan kwangiloli akan riƙe kashi 5 cikin 100 na kuɗin har wata shida ko shekara domin a ga ko aibi zai fito. Mu ma mun yi haka, daga ladan shi Baba kaɗai, zuwa ƙarshen Agusta. Na yi zaton zai ji haushi. Cewa ya yi, "Riƙe, Alhaji. Wanda ya san abin da ya binne ba ya tsoron ruwa."

Akwai iyakar da magini, kome gwanintarsa, ya kamata ya tsaya, kuma nagari da kansa zai faɗa. In tsagar ta bar daɓe ta hau bango, musamman in ta tafi a karkace tana bin mahaɗar bulo kamar matakala, ko ta fi faɗi a sama, ko fensir yana shiga cikinta, ko ƙofa da taga sun fara cijewa, to harsashin ginin ne yake motsi. Wannan aikin injiniyan gini ne mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN, kuma a bene ko gidan haya mai cike da mutane jinkirin kwana ɗaya ma ganganci ne. Kuɗin da zai karɓa ya zo ya duba bai kai na buhunan da za a ɓata a kan shafe ba. A namu gidan, Baba ya bi bangon ɗakin Hajiya ciki da waje, ya manna ɗan siminti a kan wata siririyar tsaga ya rubuta kwanan wata da gawayi, ya ce in mannin ya rabu kafin ƙarshen damina mu kira injiniya kada mu kira shi.

Bai rabu ba. A makon ƙarshe na Agustan da ya biyo baya aka kwana ana ruwa, da gari ya waye na tafi gidan. Hajiya tana zaune a ƙofar ɗaki da carbinta, tsakar gidan ta tsane, sai ɗan danshi a bakin rariya. Na aika aka kira Baba. Ya sake aron taɓaryar, ya bi wurin kusurwa zuwa kusurwa yana ƙwanƙwasawa, Hajiya tana sa masa albarka. Na ƙirga masa ragowar kuɗinsa a gaban liman. Har ya kai zaure sai ya dawo, ya ja hannuna zuwa lungun bayan katangar gabas, ya nuna mini sabon indararon da maƙwabcinmu ya kafa bayan ya ƙara ɗaki, yana zuba a gindin katangar da muka haɗa. Ƙasar wurin ta riga ta fara zaizayewa. Ya ce, "Wannan ba aikin cokali ba ne, Alhaji. Ka same shi yau bayan magariba, ku haɗa kuɗin bututu." Na same shi, muka raba kuɗin biyu, ranar Asabar Baba ya turo yaronsa ya haɗa.